Tatsuniyar Old Hemp da Kashi 9 Cikin 100: Sharhi Kan Jinin Karen Kiwon Tumaki

A watan Afrilun 2022 mujallar Science ta wallafa wani babban bincike kan halayyar karnuka, kuma kafin a ce kwabo kafafen labarai sun dunƙule shi a magana guda: wai irin kare ba ya nuna halinsa. Shekara ɗaya kafin nan, a wani gwanjon intanet a yankin Wels na Birtaniya, an sayar da wata karya 'yar wata goma sha biyu mai suna Kim a kan fam 27,100. Irin karnukan kiwon tumaki ce da ake kira Border Collie. To, idan iri ba ya nuna komai, me ke sa makiyayan Birtaniya, mutanen da ba a san su da ɓarnar kuɗi ba, suke bin diddigin asalin kwikwiyo har kakanni bakwai kafin su saya? Ko dai su ne ke yaudarar kansu, ko kuma an yi wa binciken gurguwar fahimta. A ganina kowane ɓangare yana da inda ya zarce gona da iri, amma ba daidai wa daida ba.

Bari mu fara da aikin karen, domin wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka haushi da guje-guje ne kawai. A tsaunukan kan iyakar Ingila da Sikotland, inda sunan karen ya samo asali, tumaki kan warwatsu a faɗin dutse su yi kiwo su kaɗai, ba kamar shanun makiyayanmu da ke bin sanda da muryar mai su ba. Idan ana so a tattaro su, sai makiyayi ya tura kare. Karen ba ya nufar tumakin kai tsaye. Zagaye yake yi mai faɗi har ya ɓullo ta bayansu, ya sunkuyar da kai da kafaɗu, ya kafa musu ido, ya riƙa sanɗa a hankali yana turo su wajen maigidansa, shi kuwa yana can nesa yana ba da umarni da fito. A zagayen ƙarshe na babbar gasar shekara-shekara ta Birtaniya da Ayalan, ana tura kare nisan kusan yadi 800, wato sama da mita 700, ya kwaso garke ɗaya, sannan a juya shi ya koma wani ɓangaren ya kwaso na biyu.

Masanin halittu Raymond Coppinger da matarsa Lorna, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnukan aiki a Amurka, sun ba da bayanin da har yanzu ake dogaro da shi. Farautar kyarkeci tana bin matakai a jere: ya hango, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya kora, ya cafke, ya kashe, ya yayyaga. A wajen Border Collie an ƙarfafa matakan farko, wato ido da sanɗa da kora, an kuma danne na ƙarshe. Karnukan gadin garke irin su Maremma na Italiya kuwa kusan duk jerin ne aka danne, shi ya sa suke kwanciya a tsakiyar tumaki ba su razana su ba. Ba a koya wa kwikwiyon Collie kafa ido. Da kansa yake fara yi idan lokacinsa ya yi, wani a kan kaji, wani ma a kan inuwa. Abin da mai horo ke yi shi ne ya ɗaura wa wannan ɗabi'a linzami.

Daga ina wannan salo ya fito? Duk wanda ka tambaya a duniyar masu karen, suna ɗaya zai ambata maka: Old Hemp. An haife shi a 1893 a Northumberland da ke arewacin Ingila, a hannun wani makiyayi mai suna Adam Telfer, ya mutu a 1901. Labarin da ake bayarwa shi ne ubansa Roy kare ne mai sauƙin hali amma idonsa ba shi da ƙarfi, uwarsa Meg kuwa mai kaifin ido ce ƙwarai amma ba ta sakin jiki. Sai Hemp ya haɗa alherin biyun, yana aiki shiru ba haushi, tumaki suna bin sa salin alin. An ƙiyasta ya haifi 'ya'ya kusan 200. Hujjar da aka fi kafawa ita ce dukkan karnuka 29 da suka lashe babbar gasar tsakanin 1906 da 1951 zuriyarsa ne, kuma a yau duk wani Border Collie mai rajista ana iya bin asalinsa har zuwa gare shi.

Labari ne mai daɗi, kuma ban musanta cewa Hemp kare ne na musamman ba. Makiyaya ba za su yi ta kai masa karyoyinsu a banza ba. Amma hujjar nan ta "duk zakarun zuriyarsa ne" ba ta da nauyin da ake ɗora mata, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haka. Kowane kare yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka abin ke ninkawa. Daga zamanin Hemp zuwa yau shekara 130 ke nan da 'yan kai. Idan muka ɗauka ana samun sabon tsatso duk bayan shekara huɗu zuwa biyar, an yi tsatso wajen 30. Idan ka ninka 2 sau 30 za ka samu guraben kakanni sama da biliyan ɗaya, alhali karnukan kiwon da ke yankin a wancan lokaci ba su kai ko kusa da miliyan ɗaya ba. Ma'ana, sunaye ƙalilan ne ke ta maimaituwa a guraben. A irin wannan ƙaramar al'umma, duk karen da ya bar 'ya'ya da yawa, bayan 'yan tsatso kaɗan zai zama kakan kowa. Zakarun zuriyar Hemp ne, haka ne. To amma waɗanda suka zo na ƙarshe a gasar fa? Mafi yawansu su ma zuriyarsa ne. Haka ma wanda ya tsorata da tumaki aka mayar da shi karen gida. Hujjar da ta rungumi gwani da rago a lokaci guda ba za ta iya bayyana gwaninta ba.

Akwai kuma batun yadda aka rubuta tarihin. Ƙungiyar International Sheep Dog Society, wadda ke riƙe da rajistar waɗannan karnuka, an kafa ta ne a 1906, shekara biyar bayan mutuwar Hemp. Sunan Border Collie ma sai a 1915 sakataren ƙungiyar, James Reid, ya fara amfani da shi don bambanta su da karnukan gasar kyau. Saboda haka duk abin da rajista ta ƙunsa game da Hemp, daga baya aka shigar da shi. Kuma ku lura da wani abu: labarin ya fi son namiji. Rabin ƙwayoyin gadon kowane ɗa daga uwa yake zuwa, amma karyoyin da aka haɗa Hemp da su, waɗanda su ma makiyaya ne suka tace su a bakin aiki, ba a cika jin sunansu ba. Mun saba da wannan a tarihin mutane ma, inda ake jingina gari guda ga jarumi ɗaya.

Abin da ya ƙera Border Collie, a fahimtata, ba kare ɗaya ba ne. Jarrabawa ce da ake maimaitawa. An gudanar da shahararriyar gasar farko a Bala da ke Wels a 1873, shekara 20 kafin a haifi Hemp, kuma wani ɗan Sikotland ne ya lashe ta da karensa Tweed. Tun daga nan, kowane tsatso sai ya fito fili a gaban tumaki da alƙalai, a gaban makiyayan da suka san aiki, kuma wanda ya yi fice shi ake nema don haihuwa. Babu ruwan kowa da launin gashi ko tsayin kunne. Wannan zaɓe ne mai tsanani kan ɗabi'a guda, aka kuma yi shi sama da shekara ɗari ba tsayawa. Da a ce an daina gasar a 1910 aka ci gaba da rubuta sunan Hemp a takardu kawai, da yanzu muna da karnuka masu asali mai tsawo waɗanda ba su san me ake yi da tunkiya ba.

Yanzu sai mu koma kan binciken 2022, domin a nan ne aka fi yin kwaɗo da magana. Kathleen Morrill da Elinor Karlsson da abokan aikinsu, ta hanyar wani shiri mai suna Darwin's Ark, sun tattara amsoshin tambayoyi daga masu karnuka 18,385, suka kuma karanta DNA na karnuka 2,155. Kusan rabin karnukan gauraye ne, kuma wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin mai karen da bai san irin karensa ba ba zai amsa tambaya bisa abin da ya ji ana faɗa game da irin ba. Sakamakon da ya yi tashe shi ne iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Aiki ne nagari, kuma ga tambayar da ya yi, amsarsa tana da amfani: idan za ka ɗauki karen gida, kada sunan irinsa ya sa ka yanke hukunci cewa zai yi cizo ko ba zai yi ba.

Sai dai fa binciken bai ce hali ba ya bin gado ba. Akasin haka ma ya nuna: yawancin halayen da aka auna suna da kaso mai tsoka na gado, wasu kamar son ɗauko abin da aka jefa sun haura rabi. Har ma an gano cewa gaurayen karnukan da ke da jinin Border Collie sun fi karkata ga bin umarnin mutum. Waɗanda suka rubuta kanun labaran sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato "sunan iri" da "gado".

Babban gibin kuma, ga wanda ke son fahimtar karen aiki, shi ne abin da aka auna da kuma waɗanda aka auna. Karnukan gida ne mafi yawansu, a Amurka, kuma tambayoyin na rayuwar gida ne: yana son baƙi, yana wasa da 'yar tsana, yana kuka, yana zuwa idan an kira shi. Babu tunkiya ko ɗaya a cikin ma'aunin. Ba za ka gane bambancin mai iyo da wanda bai iya ba idan a kan tudu ka yi musu jarrabawa. Sannan kalmar "iri" a binciken ta zuba kowa a kwando ɗaya. Karen da kakanninsa goma suka yi aiki a tsaunukan Sikotland, da wanda kakanninsa goma aka zaɓe su don laushin gashi a zauren gasar kyau, dukansu Border Collie ne a takarda. Idan ka cakuɗa su ka ɗauki matsakaici, dole bambancin ya dusashe.

Wannan ba zato ba ne. A 2006 Kenth Svartberg ya yi nazarin sakamakon gwajin hali na karnuka sama da 13,000 daga iri 31 a ƙasar Suwidin, ya tarar cewa aikin da aka san iri da shi a tarihi ba ya hasashen halinsa na yau sosai. Abin da ake zaɓen iyayen saboda shi a yanzu, shi ne ke tasiri, kuma irin da aka fi zaɓa don gasar kyau sun fi ƙarancin son wasa da ƙarancin ƙarfin zuciyar tunkarar sabon abu. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar Lincoln ta Ingila suka kwatanta Border Collie da Labrador kan saurin aikata abu ba tare da jira ba. Tsakanin zuriyar aiki ta iri biyun an ga bambanci, amma tsakanin zuriyar gasar kyau bambancin ya ɓace. Kun ga ke nan, zauren gasar kyau yana mayar da karnuka daban-daban su zama masu hali kusan ɗaya. A ƙarshen 2022 kuma Emily Dutrow da James Serpell da Elaine Ostrander suka wallafa wani nazari a mujallar Cell, wanda ya duba DNA na karnuka sama da 4,000, ya gano cewa karnukan kiwo sun bambanta a wuraren da ke da alaƙa da yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke samun hanyarsu su haɗu yayin girma. Wannan alaƙa ce aka gani, ba a kai ga cewa ga ƙwayar gadon kiwo guda ɗaya ba, kuma duk kamfanin da ya ce zai gwada yawun kwikwiyo ya gaya maka zai zama zakara, to ya wuce inda ilimin ya tsaya.

Makiyayan sun hango wannan tun kafin a auna shi. Lokacin da American Kennel Club, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, ta yanke shawarar amincewa da Border Collie a 1995 don shiga gasar kyau, masu karen aiki sun yi ta adawa, rikicin da marubuci Donald McCaig ya ba da labarinsa a littafinsa The Dog Wars na 2007. Sun sha kaye, amma ƙungiyarsu ta American Border Collie Association har yau tana cire duk karen da ya zama zakaran gasar kyau daga rajistarta. Mutum zai iya ganin tsaurin ya yi yawa, amma dai bayanan Svartberg suna bayansu.

Inda nake ganin makiyayan ba su da abin kare kansu shi ne wajen bautar uba ɗaya, kuma a nan sunan da ya kamata a ambata Wiston Cap ne. An haife shi a 1963, ya lashe babbar gasar a 1965 a hannun John Richardson tun bai cika shekara biyu ba, kuma hotonsa yana sanɗa shi ne tambarin ƙungiyar har yanzu. Ya haifi zakaru uku, ya kuma zama kakan wasu uku. Shi kansa ɗan auren zumunci ne mai yawa: sunan wani tsohon kare mai suna Cap, na J. M. Wilson, ya bayyana sau 16 a cikin tsatso bakwai na asalinsa. Bayan nasararsa kowa ya so jininsa, aka yi ta kai masa karyoyi, ya bar ɗaruruwan 'ya'ya, su ma aka yi ta haɗa su da juna. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya 'ya'yan Cap sun yi gudu. Matsalar ita ce uba ba ya zaɓen abin da zai bayar. Kowace dabba, komai lafiyarta, tana ɗauke da wasu gurɓatattun ƙwayoyin gado a ɓoye, waɗanda ba sa bayyana sai an gaje su daga uwa da uba duka. Mun san wannan sarai daga cutar sikila: AS da AS lafiyarsu ƙalau, amma kowane cikin da suka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Idan namiji ɗaya ya zama kakan kowa ta ɓangaren uwa da na uba, abin da yake ɓoye da shi zai riƙa haɗuwa da kansa a jikokinsa.

Misali mafi bayyana na wannan ba a karnuka yake ba, a shanu ne. Wani bijimin Holstein na Amurka mai suna Pawnee Farm Arlinda Chief, wanda aka haifa a 1962, ya bar 'ya'ya mata wajen 16,000 ta hanyar ɗura maniyyi, har ƙwayoyin gadonsa suka kai kusan kashi 14 cikin 100 na duk shanun Holstein na ƙasar. A 2016 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka bayyana cewa yana ɗauke da wata gurɓatacciyar ƙwaya mai suna APAF1, wadda aka ƙiyasta ta jawo ɓarin 'yan maruƙa kusan rabin miliyan a faɗin duniya. Madarar da jininsa ya ƙara ta fi asarar daraja nesa ba kusa ba, shi ya sa aka daɗe ba a lura ba. Duk mai sha'awar aikin haɗa shanun Bunaji da na Turai, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi, ya kamata ya riƙa tambayar bijimai nawa ne a bayan maniyyin da ake rabawa.

A Border Collie an gano cututtukan gado da dama masu bin wannan hanya. Akwai ta ido, wadda ke hana wani sashe na bayan ƙwayar ido girma daidai, kuma a 2007 aka gano guntun DNA da ya ɓace a ƙwayar NHEJ1 da ke da alaƙa da ita. Akwai wadda ke sa fararen ƙwayoyin jini su maƙale a ɓargo su kasa fitowa yaƙi da cuta, kwikwiyo ya yi ta rashin lafiya har ya mutu da wuri. Akwai kuma wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali tun kare yana ƙarami. Rukunin Alan Wilton a jami'ar New South Wales ta Ostireliya ne ya gano tushen waɗannan biyun na ƙarshe. Duk ukun yanzu ana iya gwada su kafin a haɗa karnuka.

Amma ko gwajin yana da nasa tarkon, kuma masu kiwo da yawa suna faɗawa. Da zarar an ce kare yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye sai a cire shi daga haihuwa gaba ɗaya, alhali idan aka haɗa shi da wadda ba ta ɗauke da ita, babu kwikwiyo ko ɗaya da zai kamu da cutar. Cire irin waɗannan duka yana ƙara tsuke al'ummar da dama can a tsuke take, ya kuma share fage ga wani sabon uba "mai tsabta" ya mamaye ko'ina da nasa ɓoyayyun matsalolin da ba a ƙirƙiro musu gwaji ba tukuna. Abin da ya ɗan sassauta lamarin shi ne wata ƙofa da ƙungiyoyin aikin na Birtaniya da Amurka suka bari a buɗe: karen da ba shi da takardar asali ko kaɗan zai iya shiga rajista idan ya nuna ƙwarewa a gaban tumaki, masu tantancewa suna kallo, kuma daga nan 'ya'yansa su ma suna iya samun rajista. Sharuɗɗan suna da tsauri, shi ya sa karnukan da ke shigowa ta wannan hanya ba su da yawa idan aka kwatanta da dubban da ake yi wa rajista kowace shekara ta hanyar sunan iyaye.